Jitar Bahago

Ƙanƙara.

Zuwa ga ɗiyata Esther,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikinki, ya maigidanki da yara, ya zaman Zariya? Mu nan sai godiya, ban da ƙafar uwarki Kulu. Malam Badamasi maƙwabcinmu ke rubuta mani, na kuma ce mashi kada ya gyara mani magana.

Har yau ban huce ba. Tun da mutanen daji suka tare motar su Daniel ƙanenki a hanyar Sabuwa suka tafi da shi, ke suka riƙa kira, don ni ba ni da waya. Bayan kira na ƙarshe kika taho, kuka shige ɗaka ke da uwarki da fasto, kuka fito kuka ce a yi addu'ar mamaci. Ba gawa, ba kabari, ba wanda ya zaunar da ni ya faɗa mani abin da aka ce. Wai tsoho ne, zuciyarshi ba za ta ɗauka ba. Ni da na haife shi! Shi ya sa ban je addu'ar ba, kuma ko gobe aka sake ba ni zuwa.

To ga labari. Na sauko da jitar ƙanenki daga kan ƙusa, don abin kiɗa in ba a taɓa shi mutuwa yake. Na kai wa Almu, mai kaɗa wa mawaƙan coci, ya koya mani. Yana karɓa ya ce ai Daniel bahago ne, a juye ya ɗaura tsirkiyoyin, sai an kwance an mayar daidai hannuna. Na ce ba mai kwance abin da yaron nan ya ɗaura. In ya dawo ya iske an juya mashi kaya, in ce mashi me? Sai ni na juya, ina dannawa da dama ina kaɗawa da hagu.

Almu ya sa na yanke ƙumba. Ya ce in danna da kan yatsa, dab da ƙarfen da ya gitta wuyanta, ba bisa kanshi ba. To yatsun da suka tsufa kan ƙotar fartanya, ɗaya sai ya danne tsirkiya biyu. In na kaɗa, kamar ƙudan zuma cikin tulu. Uwarki tashi take ta bar mani gidan.

Ki gaishe da yara. Ina sauraron amsa.

Ubanki,
Ɗanhausa.


Ƙanƙara.

Zuwa ga ɗiyata Esther,

Ina gaishe ki, ina fatan kuna lafiya ke da iyali. Na ga atamfar da kika aiko wa uwarki. Takarda ce dai ban gani ba.

Kan yatsuna ya tsage, ya warke, ya yi kanta. Shekaranjiya da la'asar na lanƙwasa yatsu uku yadda Almu ya nuna, na kaɗa, sai duk tsirkiyoyin suka amsa tare, tar, ba wadda ta toshe. Esther, da wannan amon Daniel ke buɗe waƙa. Uwarki tana tankaɗe, ta aje rariya, ta zauna bakin ƙofa ta juya mani baya. Na sake kaɗawa. Ina cikin haka siririyar tsirkiyar ta tsinke, ta tsarge ni a bayan hannu.

Almu ya duba ya ce tsatsa ta cinye su duka, ɗaya ba ta gyaruwa sai an sake gaba ɗaya. Zai taho da sababbi daga Funtuwa. Ya tambaye ni ta wane hannu za a ɗaura. Na tambayi uwarki, sai kuka. Fasto kuwa, in yi haƙuri. Haƙurin me, ba a faɗa mani ba?

Ke kika riƙe wayar nan a kunnenki. Ban nemi lallashi ba, ban nemi atamfa ba. Jitar tana nan jingine, tsirkiyar da ta tsinke tana reto, kuma ba mai taɓa ta sai na ji daga bakinki. In ɗaura wa Daniel, ko in ɗaura wa kaina? Ki ba ni amsa.

Ubanki,
Ɗanhausa.