Kafaɗar da Ba Ta Kai Katako Ba

Antigua, Guatemala
Mako na biyar na azumin kafin Ista

Zuwa ga ƙanwata Amabilia,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Rigoberto da yara. Allah ya tsare ku a can Houston, ya sa albarka a neman da kuke yi. Mu nan kalau muke. 'Yata Nayeli ta yaye ɗanta, Gwaggo Chon kuma har yanzu tana faɗa da duk wanda ya buɗe mata tukunyar tamal, kin ga ke nan da sauran ƙarfinta.

Na ɗauki biro maimakon waya ne don ba zan iya faɗar wannan magana ina jin numfashinki ba. Kin san shekara talatin da huɗu ke nan ina sa kafaɗa a ƙarƙashin anda, ƙaton katakon nan da muke ɗora mutum-mutumin Uwarmu Maryamu a kai mu zaga gari da shi, duk ranar Jumma'a Mai Kyau, a gurbin da Mama ta bar mini. Kin kuma sha jin ina cika baki cewa shekarun nan katakon sai ƙara sauƙi yake yi mini, har nakan ce alheri ne ake yi mini don na tsufa a hidima. To, a watan Oktoba ciwon baya ya kai ni asibiti, likita ta ce ƙashina ya zaizaye, tsawona ya ragu da santimita huɗu. Da na ba Doña Remigia labari, wadda take tsayawa a bayana a layi, sai ta ce ai su sun daɗe da sani. Wai shekara biyar ke nan kafaɗata ba ta kai katako, shafarsa kawai take yi, ita da Zoila da ke gabana ne suke raba kasona. Don Eustaquio mai awon kafaɗa don jera mu bisa tsayi kuwa, nauyina yake ji, ya kasa ɗora mini sandar awo, tsohuwar lamba yake ta kwafewa a katina. Amabilia, ina tafe ido rufe, ina addu'a har da hawaye, ashe mata biyu ne ke ɗauke da kayana, ɗaya ma ta girme ni. Kwana uku ban leƙa ƙofar gida ba.

Likita ta ce ban da magani sai na riƙa ɗaga ƙarfe, in ba haka ba in manta da anda. Haka na kwashi jiki na tafi gidan motsa jikin da ke bayan kasuwa, da siket ɗina da mayafi, ana ta satar kallona ta madubi. Wani ƙato mai ƙirji kamar buhun masara ya ce wai Kaka, jikanki kika zo nema ko hanyar coci ce ta ɓace miki? Na ce masa na zo ganin ko ƙwanjin nan nasa ya taɓa ɗaukar abin da ya fi wayarsa nauyi. Mai koyarwar, Yadira, ta ce in tsugunna in tashi sau goma hannu wayam. A na shida na zauna daɓas. Na ce mata icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ta ce to busasshen ma ya tashi, saura huɗu. Makon farko ko tsintsiya ba na iya sunkuyawa in ɗauka, babu irin sunan da ban kira yarinyar nan a zuci ba.

Abin da ban zata ba shi ne na fara son abin, kada ki yi mini dariya. Yanzu Litinin, Laraba da Jumma'a a bakin ƙofa suke tarar da ni. Ina ɗaukar kilo goma a kowane hannu in zagaye ɗakin sau uku. Ƙarfen nan ba ya jin kunyar furfurata: in na ɗaga na ɗaga, in na kasa ga shi nan a ƙasa kowa na gani. Bayan abin da aka yi mini don tausayi, wannan ne ya sanyaya mini rai. Tulun gas ma da kaina na shigar da shi kicin, mai kawowa ya tsaya baki buɗe.

Da lokacin awo ya zo na ce wa Don Eustaquio ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ya ɗora sandar. Ya ɗora, ya rubuta lambar gaskiya. An cire ni daga gurbin Mama, an mai da ni can baya cikin gajeru, tsakanin 'yan mata biyu da ko sunansu ban sani ba a lokacin. Na yi kuka, don ji na yi kamar na sake binne ta.

Yau saura kwana goma sha biyu, kuma tsoro nake ji. Likita ta yarda in ɗauka tsawon layi ɗaya tak, daga kwanar titi zuwa ta gaba, ta ce da na ji zafi ya sauka ƙafa in fita. Yadira ma ta ja mini kunne, wai ƙarfe ba ya lilo amma katako yana yi, ga duwatsun titinmu. Faɗuwar kaina ba ta kai mini tsoron abin da zai biyo baya ba, don in gwiwata ta ba da ni, a kan yaran nan biyu nauyin zai sauka. Na same su na ce in sun ji na fara lanƙwashewa kada su rufa mini asiri, su taɓa ni in fita a sa wata. Ki kunna mini kyandir a cocinku ranar, da ƙarfe uku. Kada ki roƙa mini sauƙi, Amabilia. Ki roƙa in ji nauyin a kafaɗata, in kuma kai shi ƙarshen layi.

Ki gaida Rigoberto, da yara Wilmer da Dayana, da Kawu Fidencio in ya leƙo. Nayeli da Gwaggo Chon suna gaishe ku. Remigia ma ta ce a gaishe ki, ta bakin Nayeli ta aiko, don har yau ban iya haɗa ido da ita ba.

Ni ce yayarki mai kewarki,
Hermelinda