Madubin da Alhaji Ya Zaɓa

Unguwar Rogo, Sakkwato.
Maris, 1976.

Yaya Zulaihatu,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya zaman Kano? Inna tana gaishe ki, ta ce ko Kanawa sun hana ki tuna gida ne.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne zan gaya miki. Maigidana Alhaji Mani, tun da kwangilar titi ta buɗe masa, ya ƙulla abota da wani babban soja. Yanzu sojan yana son farautar barewa, Alhaji kuwa ya ji cewa ubana maharbi ne, ya aika aka kira Baba ya yi musu jagora. Baba ya amsa da murna, har ya ciro kan burtunsa ya shafe shi da mai. Kin san yadda yake yi: ya ɗaura shi a goshi, ya lulluɓa baƙin zane, ya yi ta rarrafe yana sunkuye kamar tsuntsun har ya isa kusa da nama. Ni kuma na ga sojan nan da bindiga. Abu ya motsa kawai, ya ɗana.

Saboda haka da Alhaji ya tafi da ni kantin wani Kwara, Balaraben ɗan kasuwa, mu zaɓi madubin hangen nesa, na sa ido sosai. Akwai wani dogo mai ido ɗaya, ana kafa shi a kan ƙafa uku. Na auna shi daga bakin kanti, wallahi har ƙudan da ke idon wani jaki can tsallaken titi na gani. Akwai kuma ƙarami mai ido biyu, mai ruwan zinariya, wanda cikin zafin rana komai rawa yake yi a cikinsa. Na roƙi Alhaji ya ɗauki dogon. Ya yi dariya, ya ce kayan leburorin safiyo masu awon ƙasa ne, ba zai miƙa wa babban mutum shi ba. Ƙaramin ya ɗauka, don yana shiga aljihun babbar riga.

Na roƙi Baba ya bar burtun a gida, ya ce in ya bar shi to da me ya fi direba. Tsoro nake ji, Yaya. Ki taya mu addu'a.

Ƙanenki,
Illo.


Unguwar Rogo, Sakkwato.

Yaya,

Ina fatan kuna lafiya. Mu dai sai godiyar Allah, amma abin da na ji tsoro ya faru.

Mun sami barewa da tsakar rana. Baba ya ce Alhaji da sojan su jira a tudu, zai kewaya ya koro musu ita. Sojan ya gaji da jira, ya ɗora madubin, ya ce ga wani ƙaton tsuntsu can, bari ya gwada hannu. Ina ihu ina cewa Baba ne, amma ƙarar ta riga ni. Harsashin ya farfasa masa kafaɗar dama.

Yana asibiti. Alhaji ya ce ƙaddara ce, in kama bakina, ba a ƙarar mai kaki. Sojan bai leƙo ba, ya dai aiko da rago. Ban taɓa jin ƙin dabba kamar ragon nan ba.

Likita ya ce ciwon ya fara ruɓa, sai an yanke hannun. Baba ya ƙi, ya ce ba za a kai shi kabari gutsure-gutsure ba. Inna ta yi kuka, liman ya yi magana, ya juya musu baya. Ke kaɗai yake jin maganarki tun kina ƙarama. Don Allah ki hau motar farko da kika samu.

Naki,
Illo.


Yaya Zulaihatu,

Ina gaishe ki. Na ba wani direba wannan takarda ya kawo miki hannu da hannu.

Idan ta same ki kafin ki taso, ki shirya yara a tsanake, ki taho da su duka. Ba sauran gaggawa. Mun kai Baba jiya bayan azahar, da hannunsa biyu kamar yadda ya so.

Allah Ya jiƙansa, Ya ba mu haƙuri.

Ƙanenki,
Illo.