Ƙunar da ke marar Auta

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara, Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan da sauƙi, ƙafar Baba ma ta lafa har yana takawa masallaci. Ni ce dai hankalina a tashe, shi ya sa nake rubuta miki wannan wasiƙa.

Kin san Auta da son ruwa, tun da aka sa ta cikin 'yan ninkayar makarantarsu kullum gashinta a jiƙe. Ranar Litinin ta dawo ta raɗa mini cewa ta fara al'ada. Ni kuwa da shegen saurin baki, na zazzage mata abin da Inna ta tsorata mu da shi, wai mai al'ada in ta shiga ruwa jinin zai daskare a mararta, ta rasa haihuwa har abada. Ta juya ta shige ɗakinta, na ɗauka kunya ce. Ashe, Yaya, daga ruwan ta fito ta ga jinin.

Kwana uku yarinyar nan ba ta cin abin kirki, tana tafiya a duƙe. Ranar Alhamis na shiga ɗakinta kwasar wanki, na tarar da ita riga ta manne mata a mara. Na ɗaga rigar na duba. Fatar marar ta saɓule, ta yi bororo. Wai kwalba take cikawa da tafasasshen ruwa tana dannawa a wurin, don jinin ya narke kafin ya lalata ta, ga tsumma a baki kada in ji kukanta.

A asibiti nas ta wanke ciwon, ta ce ninkaya ba ta hana kowa haihuwa, ƙunar ce abin tsoro, in zazzaɓi ya shigo mu dawo da gudu. Kallon da ta yi mini, na so ƙasa ta tsage in shige. Na roƙi Auta gafara, na ce ban san abin da nake faɗa ba. Sai ta tambaye ni ko lallashinta nake yi don na san aikin gama ya gama. Yau da safe na sake tsintar wata kwalbar a bayan katifarta, da ɗuminta.

Yaya, ke ungozoma ce, maganarki take ɗauka. Don Allah ranar da wannan ta same ki, ki kira ta ki faɗa mata da bakinki. Tsoron da na zuba mata ya shige, gaskiyar kuma ta ƙi shiga daga bakina.

Ki gaishe da maigidan, da Babangida, da 'yan biyu. Kafin ki kira, ko ruwan shayi ba na barinta ta ɗora.

Taki ƙanwarki,
Maman Auta