Duka Uku a Turmin Inna

Asabar, 4 ga Oktoba, 2025

Mun zauna a zauren Malam Abdurrazak, tsohon darektan lakkwal ɗinmu, makarantar da muka yi. Mu huɗu ne: shi, da ni, da Lantana ungozoma, da Nafi'u da ke aiki a radiyo, shi ke da na'urar ɗaukar murya. Ba wanda ya aike mu. Malam ne ya ce tsofaffin Damargu suna ta tafiya da waƙoƙinsu a ciki, mu kuma muna nan Tanut muna shan shayi. Za mu bi ƙauyuka mu ɗauki waƙoƙin da muryar masu su, jama'a na yi musu amshi, mu zuba a kart ɗin waya a raba.

Ana lissafa waɗanda za a je wa sai Lantana ta ce ai ga Inna Yagana, uwar Radiya, duk yankin Gangara ba mai waƙar daka kamarta. A gaban kowa. Bakin Lantana ba shi da marfi.

Na ce to. Me zan ce?

Ni ce ƴar farinta. Shekara arba'in da ɗaya ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ke. Waccan ta Tanut. Na sani, alkunya ce, kowace uwa haka take yi wa ɗan fari, an faɗa mini sau dubu. Har yau abin yana mini ciwo. Ga shi tun damina ƙirji ya kama ta.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Na je gida, Tudun Aduwa. Ta rame, zanenta ya yi mata yawa. Da na gaishe ta sai ta amsa wa ƙofa. Duk maganar ta hannun Gwaggo Dado muka yi ta, ƙanwar marigayi Baba, kamar kullum. A ce wa baƙuwa ta ci tuwo. A tambayi baƙuwa yara.

Na faɗi abin da ya kawo ni. Ta ce waƙar turmi ce, ba ta radiyo ba. Shi ke nan, ta juya tana tsince wake.

A mota na yi kuka kaɗan. Haushi ne.

Laraba, 15 ga Oktoba

Na kawo wata ƙa'ida a taro: duk wanda muka ɗauka, in ya gama, ya faɗi sunansa da garinsu da sunayen waɗanda suka zo ɗaukar, don tarihi. Malam ya yaba ƙwarai.

Don tarihi! Allah ya yafe mini. Na san don me na kawo ta.

Asabar, 18 ga Oktoba

Belbeji. Wani tsohon makiyayi ya ba mu waƙa bakwai, awakinsa suka yi amshin shida. Nafi'u ya kusa haukacewa. Rabona da dariya irin wannan na manta.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Gwaggo Dado ta kira da wayar maƙwabta. Inna ta yarda. Sharaɗi uku: a zuba gero na gaske a turmi, ba za ta daki iska ba. Matan unguwa su yi amshi, ba ƴan boko ba. Kuma waccan ta tsaya a baya.

Gwaggo ta ce mu yi sauri. Ba ta ƙara komai ba, ni ma ban tambaya ba.

Asabar, 1 ga Nuwamba

An yi.

Mun isa da hantsi. Mata sha uku suka taru a tsakar gida, wasu da goyo. Inna ba ta iya tsayuwa, sai aka kawo mata ƙaramin turmin yaji da ƴar taɓaryarsa, aka zuba gero tafi biyu, ta zauna kan kujerar tsugunno. Nafi'u ya ɗaure mikro a jikin sanda. Sau biyu yana roƙon a kori zakara. Na tsaya a baya cikin masu amshi, kamar yadda aka umarta.

Wallahi muryar tana nan. Ta yi siriri amma tana nan. Ta yi na biki biyu, mata suna ta guɗa, sannan ta ɗauko wata da ban taɓa ji ba, ta shekarar yunwar tamanin da huɗu. Na rubuta abin da na kama:

Shekarar da rumbu ya zama ɗakin gizo,
na daka dusa, na daka ƙaiƙayi,
ƙirji ya riga rijiya ƙafewa,
mota ta tashi kudu, ban ɗaga kai ba.

Mu kuma mu ce: Gero, ka dawo, an yi maka shara.

Tafiyar Baba ci-rani ke nan, ina jin. Kowane baiti, kafin ta kai ga motar, sai ta tsaya, ta buga taɓarya sau uku da ƙarfi, sannan ta ci gaba. Numfashi ke yanke mata. Duk bugu sai fitilar na'ura ta yi ja, Nafi'u ya runtse ido. Tsofaffin cikinmu suna share hawaye da bakin mayafi. Gwaggo Dado ta waiwayo ta dube ni sau biyu, ban san dalili ba.

Da ta gama Malam ya ce ta faɗi sunaye. Na kasa kunne. Ta faɗi nata, ta faɗi gari. Ta ce Malam Abdurrazak. Ta ce Nafi'u. Ta ce Lantana, har da Allah ya yi mata albarka. Sai ta dubi cikin turmi.

"Da wadda ta kawo su," ta ce.

Lantana ta matse mini hannu, na fizge. Ban tsaya cin abinci ba.

Talata, 4 ga Nuwamba

Bayan na tashi daga aji na biya wurin Nafi'u, yana gyaran murya a kwamfuta. Ya cire zakara, ya cire kukan jariri. Ya nuna mini wuri sha ɗaya inda dukan nan yake, ya ce ya fi muryar ƙarfi, a waya zai fasa kunne. Ya rage shi ko ya bari?

Na ce ya yanke. Ya ce, Madam, anya? kamar da gangan tsohuwa take yi. Na ce hutawa take, ni na san uwata. Ni na san uwata! Ya yanke, ya haɗe bakin baitocin, waƙa ta tafi sumul.

Ya ce kart ɗin na'ura ya cika, ga tafiyar Tenhiya ranar Asabar, zai goge na farkon tunda ga gyararren. Na ce ya goge.

Ina cikin fushi. Ba na ɓoye wa wannan littafi.

Litinin, 10 ga Nuwamba

An kawo Inna gidan likita nan Tanut. Lokotoro ya ja ni gefe. Ban ji rabin abin da ya ce ba, na dai gane.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Ni nake jinya. Ƙannena suna zuwa suna tafiya, tana kiransu ɗaya-ɗaya, Hassana kaza, Aliyu kaza. In ni ce na ba ta koko sai ta karɓa tana kallon bango. Yau ina goge mata baya ta ce wa Hassana, "Ki ce ta zauna, ta gaji."

Ina tsaye a kanta fa. Hannuna a jikinta.

Na so in ce, Inna, sau ɗaya tak, ba wanda zai ji. Bakina bai buɗe ba. Ashe ni ma ƴar gidan ce.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Inna ta rasu bayan azahar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Lahadi, 23 ga Nuwamba

Sadakar bakwai. Ban san ta ina zan fara ba.

Bayan an watse, matan da suka yi amshi suka ce a kunna musu. Na aza waya cikin kwano don ta yi ƙara. Muryarta ta fito. Aka zo waƙar yunwa. Baiti ɗaya, biyu. Sai Gwaggo Dado ta ɗaga hannu.

"Ina dukan?"

Na ce mun cire, ƙara ce. Ta daɗe tana kallona. Ta sallami matan, ta ja ni ɗakin Inna, ta tambaye ni wa nake tsammani ya hau motar nan. Na ce Baba. Ta ce ubana da ƙafa ya tafi, yana kora sauran awaki, mota ba ta gan shi ba. Wadda aka sa a mota jaririya ce ƴar wata bakwai, goye a bayan kakarta, aka nufi Damagaram da ita saboda nonon uwar ya ƙafe. Uwar tana tsakar gida tana dakan dusa. Surukai cike da gida, ƴar fari ce, ba halin ta fito rakiya, ba halin ta yi kuka. Ba ta ɗaga kai ba.

Ni an ce mini yaye ne ya kai ni wurin Kaka. Ba wanda ya ce yunwa.

Gwaggo ta ce inda ake dukan nan suna ne ya kamata ya shiga, duk tsofaffin garin sun sani. Na ce ko sunan Baba ne, ai shi ma ba ta faɗa. Ta ce, "Sunan ubanki Ila, gaɓa biyu ne. Ke malama ce, ƙirga."

Ta buga gwiwata da yatsa. Ra. Di. Ya.

Ta ce shekara arba'in Inna tana yi, duk ranar da aka daka gero a gidan nan in ba na kusa. Ranar ɗaukar nan kuwa da gangan ta zaɓi waƙar, da gangan ta ce in tsaya a baya, don in tana ganin fuskata ba za ta iya ba.

Sau goma sha ɗaya ta kira ni a gaban mutane. Ni na sa aka yanke.

Litinin, 24 ga Nuwamba

Nafi'u ya duba kart, ya duba kwamfuta, ya kira wani abokinsa a Damagaram. Waƙoƙin Tenhiya sun hau kai. Babu.

Yana ta ba ni haƙuri, shi da ya ce anya. Na ce ya daina, zai sa in yi ihu.

Laraba, 26 ga Nuwamba

Ban je aji ba. Maƙwabciya tana daka, na rufe taga.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Taro a zauren Malam. Na faɗa musu duka, ban rage ba, har da dalilin ƙa'idar sunaye. Malam ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Nafi'u ya ce ya san wuraren sha ɗaya, zai iya sake buɗe su, sai dai ba abin da zai zuba a ciki.

Lantana ta ce abu mai sauƙi. Ta ce yanzu ba sauran kunya, mai kunyar ta tafi, a tara matan su faɗi sunan a fili a kowane gurbi, Radiya, Radiya, duk Damargu ta ji. Ta ce ba abin da kike nema ke nan ba tun muna ƴan lakkwal?

Shi ne. Da wata biyu da suka wuce ne da na rungume ta.

Na ce zan yi tunani.

Asabar, 6 ga Disamba

Tudun Aduwa. Ni da Nafi'u da Lantana, Malam ƙafa ta hana shi.

Matan sun zo, an ce musu za su faɗi suna. Wasu sun yarda, tsofaffin suna ta kallon ƙasa. Gwaggo Dado ta shiga ɗaki ta fito da turmin yajin, ta zuba gero tafi biyu, ta ajiye a gaban kujerar. Ta koma ta zauna.

Lantana ta ce to, a fara, ta ɗaga hannu za ta ba da alama. Na ce ta dakata.

Na zauna. Nafi'u ya sa mini abin ji a kunne ya kunna Inna. Inda ta tsaya, na buga. Na farko ya yi sauri, Gwaggo ta ce ba haka ba, na ukun yakan ɗan jinkirta, kamar ba ta son ya ƙare. Na sake. Sau huɗu muna komawa kafin ta gyaɗa kai. Daga nan na bi wuraren ɗaya bayan ɗaya har na sha ɗaya. Taɓaryar ta yi santsi inda hannunta yake kamawa.

Ba wai na yarda da al'adar ba ne. Ɗana na fari ina kiransa da sunansa, kuma zan ci gaba. Kawai dai waƙarta ce, ba tawa ba, na riga na taɓa ta sau ɗaya.

A hanya Nafi'u yana cike takardar da muke haɗawa da kowane kart. Murya: Yagana ta Tudun Aduwa. Amshi: matan unguwa. Ya ce turmi fa, Madam, wa zan rubuta?

Na ce ya rubuta ƴarta ta fari.

Ya riƙe biro yana jiran sauran. Na ce ya isa haka.