Zuwa ga Yaya Mutari, a kan aikin da ka bari

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan wannan takarda ta same ka lafiya a duk inda kake, Inna tana gaishe ka, haka ma matarka Hadiza da yara.

Ban san inda zan aika ta ba, shi ya sa na sa ta a nan inda jama'a ke karantawa, ko wani da ya bi hanyar Jado ya gan ka. Tun da ka shiga motar masu haƙar zinariya kafin damina, sau ɗaya muka ji muryarka, daga Agadas.

Na koma kan ɗan tsarin nan da muke rubuta wa kwamfuta tun daga tushe, wanda Inna ke kira aikin marasa aikin yi. Ka tuna a zauren gidanmu na Birni ka nuna mini rajista, ƙananan aljihunan da furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfuta, ke riƙe lamba a ciki tana lissafi. Wata aljihunta bit, wato gurbin sifili ko ɗaya, goma sha shida ne, wata talatin da biyu, ta zamani sittin da huɗu. Ni gaggawa gare ni, na so mu ɗauka duk manya ne. Ka dungure mini kai ka ce, "Ba a ɗora wa na'ura kaya sai an tambaye ta ko ita wace ce."

Haka ka rubuta. Tsarin ya fara juya bit ɗaya ya duba. In ya zauna a juye, furosesar ta iya faɗin sunanta, sai a tambaye ta girman aljihunta.

Da aka rufe sibar, shagon intanet ɗin nan na Zango, an ba ni wata tsohuwar kwamfuta, na gwada shi a kanta. Ya gane ta, ya rubuto a allo: "Wannan tsohuwa ce, bi ta a hankali." Na yi dariya ni kaɗai, don har yadda kake karkace baki na gani.

Sannan na gwada a sabuwar da ke birona, wurin aikina, mai sittin da huɗu. Ya gane ta ita ma, amma bai ci gaba ba. Abin da ka bari a wurin shi ne: "Wannan sai na dawo."

Na kashe ta na fita waje, na rasa wa zan gaya wa.

Ga abin da ake ciki a gida. Kawu Issufu ya zo daga Gaffati ya ce shirun ya yi yawa, wai an ga gawarwaki a wata hanya. Yana so a je wurin alƙali, a yi maka sadaka, Hadiza ta shiga takaba. Inna kuwa ta daina tambayata ko wayarka ta shiga. Ni aka ɗora wa in gaya wa Hadiza, kuma kullum sai in gaishe ta in wuce.

Ina jin tsoro ƙwarai. In waya ta yi ƙara gabana ya faɗi, in ba ta yi ba ma haka. Kuma na zauna na karanta, yanzu na san yadda ake shigar da furosesa cikin yanayin bit sittin da huɗu. Zan iya ƙarasa aikin ba tare da kai ba, kuma wannan ya fi komai firgita ni.

Ban taɓa shi ba. Na kuma gaya wa Kawu a gaban kowa cewa ba da bakina za a sa Hadiza takaba ba. Ya ce zai jira a gama girbin hatsi, daga nan shi da kansa zai gaya mata.

An fara yankan gero a Gaffati, Yaya. Ko kira ɗaya ka yi, ko saƙo a bakin direba.

Allah Ya tsare ka a inda kake, Ya ba ka ruwa da inuwa, Ya maido mana da kai da ƙafarka. Amin.

Ƙanenka,
Sanusi