Sunan Gil a Gidan Sok

Lahadi, 11 ga Fabrairu, 1940

Yau Japanawan da ke mulkin ƙasarmu suka buɗe rajistar canjin suna. An ba kowane gida wata shida ya zaɓi sunan Japanawa ya kai ofishin gunduma. Wai ba dole ba ne. Maigidana Dal-su ya ce shugaban makarantar da yake koyarwa ma ya ce ba dole, amma sau uku ya maimaita, yana bin malamai 'yan ƙasa da kallo ɗaya bayan ɗaya.

Baba, surukina, ko ɗagowa daga kwanonsa bai yi ba. "Sok aka haife ni," in ji shi. "Wanda ya gaji da ubansa ya je kasuwa ya sayo wani."

Ni dai na kwashe kwanuka.

Talata, 13 ga Fabrairu

Ga abin da ya ɗaure mini kai. Wai suna ɗaya za a sa wa gida duka, har matan aure. To ni fa? Ni Gil ce. Inna, uwar mijina, Ham ce, shekara arba'in tana gidan nan ba ta zama Sok ba. Mace tana barin gidan ubanta, amma ba ta barin sunansa. Haka muka taso muka gani.

Marigayi mahaifina bai haifi namiji ba, ni kaɗai ce. Harafin farko da ya riƙe hannuna ya koya mini, Gil ne. Da ciwonsa ya yi tsanani ya ce, "Bun-i, ba ni da gonar da zan bar miki. Wannan ne naki, har a kan kabarinki shi za a rubuta."

Yau sau biyu na zuba gishiri a miya.

Alhamis, 7 ga Maris

Muna bugun wanki a rafi na yi wa Inna maganar. Dariya ta yi har ta ajiye sandar bugu.

"Ke 'yar garin Gumsan, wa ya taɓa kiran ki Gil a gidan nan? Ni rabon da in ji sunana tun ranar da aka sauke ni daga kujerar ɗaukar amarya. Daga matar wane sai uwar wane. Ki bar su su ɗauka mana, in sun gano inda yake."

Gaskiya ta faɗa, shi ya ƙara ba ni haushi. Ba mai kira na da shi. To me ya sa nake ji kamar za a cire mini haƙori?

Litinin, 8 ga Afrilu

Malamai biyu sun kai nasu sunayen. Saura Dal-su da wani tsoho da ya kusa barin aiki.

Asabar, 18 ga Mayu

Mun yi faɗa a bayan rumbu, da rana tsaka, muna raɗa don kada Baba ya ji. Faɗan raɗa ba daɗi, mutum ba ya hucewa.

Ya ce in taya shi lallashin Baba, tunda Baba ne uban gida, sai da hatiminsa za a karɓi takardar. Shugaban makaranta ya riga ya tambayi Dal-su ko yana sha'awar noma. Kowa ya san ma'anar wannan, kuma gonarmu ba ta ciyar da mutum biyar.

Na ce, "Sunan ubana kake so in taya ka binnewa?"

Ya ce, "Ok-hui za ta ci sunan ubanki ne in an kore ni?"

'Yar tamu tana goye a bayana tana jan gashina. Sai na ce masa matsoraci. Ban so na faɗa ba. Ko kuma na so. Ban sani ba.

Laraba, 5 ga Yuni

Na koma ɓangaren Baba, ko da yake shi bai san yana da soja ba. Tsokar kifi mai kyau kwanonsa take zuwa, Dal-su kuwa wutsiya. Inna ta lura, ta ce, "Oho, siyasa ta shiga tukunya."

Muddin tsohon nan ya tsaya kan bakansa, ni Gil ce. Amma in aka kori Dal-su fa? Addu'a biyu nake yi, kowace tana ƙaryata 'yar'uwarta.

Juma'a, 19 ga Yuli



Dal-su ya zo da takardar sanarwar daga makaranta, ya ajiye mini a kan tabarma, ya ce, "Tunda kin iya karatu, karanta da kanki." Japanancina ba shi da ƙarfi, amma na bi da yatsa sau uku. Gidan da bai kai suna ba har ranar goma ga Agusta, hukuma da kanta za ta ɗauki sunan uban gidan ta ɗora wa kowa. Har matan.

Wato in Baba ya kai suna, na zama Bajapaniya a takarda. In ya ƙi, na zama Sok. Ko ta ina aka bi babu Gil.

To wata biyar ɗin nan da wa nake faɗa? Duk kifin nan da na yi ta rabawa?

Asabar, 20 ga Yuli

Na kai wa Baba ruwan wanke fuska, na durƙusa, na faɗa masa. Na ɗauka zai ɗauki sandarsa ya je ofis ya yi musu tas. Abin da nake so ke nan.

Sai ya dube ni, ruwa yana ɗiga daga gemunsa.

"Me kika ce, 'yar nan? Za su rubuta ki Sok?"

"Haka takardar ta ce, Baba."

"Sok tana auren Sok? A ƙasar nan wa ya taɓa auren mai sunan gidansu? Jikokina su buɗe rajista su ga uba Sok, uwa Sok, kamar wa da ƙanwa? Karnuka ne mu?" Ya juya ya hangi Inna tana shanya barkono a tsakar gida. "Ita ma?"

"Ita ma, Baba."

Inna daga can ta ce, "Sannu, yayana." Ba wanda ya yi dariya.

Bai karya kumallo ba.

Alhamis, 1 ga Agusta

Kwana goma sha biyu Baba yana zaune da littafin zuri'a a cinyarsa, ba ya buɗewa.

Talata, 6 ga Agusta

Ya tafi. Ya sa farar rigarsa ta fita da doguwar hularsa ta gashin doki, ya sa hatimi a aljihu, ya hana Dal-su raka shi. Da azahar ya dawo. Sunan da ya kai: Ishimura. Mu duka.

Daga ofis sai da ya hau tudun kaburburan kakanni tukuna. Gwiwoyin wandonsa duk jar ƙasa, ni zan wanke. Ina cire masa takalmi ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Wancan sunan ƙarya ne, kowa ya san ƙarya ne, kakanni ma sun sani. Amma Sok gaskiya ne. Ba zan bari a yi abin kunya da gaskiya ba."

Wato don kada in zama Sok, ya bar Sok. Ya kare ni ne ko ya kare kansa daga gare ni? In gode masa? In ba shi haƙuri? Na buɗe baki, sai na ji ina tambayarsa ko zai sha ruwan sha'ir.

Laraba, 7 ga Agusta

Dal-su ya same ni a bakin rijiya, fuska sake. "Uwar Ok-hui, kin yi abin da na kasa wata shida. Na gode."

Na jefe shi da moɗa. Na same shi kuwa.

Ni na sa tsohon ya yi abin da na fi kowa ƙi. Da bakina.

Litinin, 26 ga Agusta

Na ga kwafin rajistar. Gil yana nan, ashe. An matsar da shi can gefe, cikin ɗan gurbi, da ƙananan haruffa. Yana nan amma ba shi ne ni ba. Na daɗe ina kallo. Ban san ko kuka zan yi ko murna ba, sai na tafi na ba kaji dusa.

Maƙwabcinmu da ya ƙi kai suna ya daina gaida Baba. Shi da matarsa kuwa yanzu sunansu ɗaya a rajista, ba wanda yake da ƙarfin halin faɗa masa.

Lahadi, 15 ga Satumba

Na fara wa mahaifiyata wasiƙa sau huɗu. Me zan rubuta a bayan ambulan?

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Sanyi ya shigo. Kabejin kimchi da muke jiƙawa da gishiri da barkono ya yi kyau bana, amma barkono bai isa ba. Tarin Baba da sauƙi.

An yi rabon shinkafa a gaban ofis. Ma'aikacin ya ɗaga murya, "Gidan Ishimura, mutum biyar!" Ni da Inna muka miƙe lokaci ɗaya. Ta zungure ni da gwiwar hannu ta ce, "Zo mu je, 'yar gidanmu." Da wasa ta faɗa, na sani.

Shekara shida ina gidan nan ina cin abinci a bakin murhu bayan kowa ya gama, baƙuwa mai sunan wani gida. Yau aka ƙirga mu da numfashi ɗaya, ba a ware ni ba. Da muka kama bakin buhun, ita gefe ni gefe, wani abu ya ɗan motsa a ƙirjina. Ba baƙin ciki ba ne. Na so a ce baƙin ciki ne.

Ba zan rubuta sunan abin da na ji ba.

Ya mahaifina, ɗan lokaci ne kawai. Kafin mu kai gida ya wuce. Ina jin ya wuce.