Gaisuwar da Tsohuwa Jarmila ke Tsoro

Takoma Park, Amurka

Yaya Saudatu,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar Inna? Ya su Fatihu? Ni lafiya lau nake, kada ku damu.

Na samu aikin kula da wata tsohuwa, Jarmila, mutuniyar ƙasar Cek. Ba ta da faɗa, amma gaisuwa ta kusa jawo mini kora. Ranar farko na ce mata, "Ya jiki, ya ɗanki, yana ina yanzu?" Ta ƙura mini ido ta ce, "Wa ya aiko ki?"

Daga baya ta ƙure rediyo don kada a ji mu, ta ba ni labari. Tana yarinya sojojin Jamus suka mamaye ƙasarsu, suka tafi da babanta saboda tsegumin maƙwabci. Zamanin 'yan kwaminis kuma, matar da kullum ke tambayar lafiyar mijinta ita ta sa aka ɗaure shi. Ta ce mai yawan tambayar gida, akwai wanda yake kai wa amsa.

Na yi dariya a raina. Sai ga shi a wajen wani suna a Gaithersburg, Alhaji Ɗanliti ɗan garinmu ya tare ni da fara'a: "Ya aiki, ya maganar takardun zamanki da wa'adinsu ya ƙare?" Yaya, ke kaɗai na taɓa gaya wa maganar takardun nan.

Allah Ya bar zumunci. Ki gaida kowa. Wanda ya tambayi lafiyata kuwa, ki rubuto mini sunansa.

Ƙanwarki,
Tayyiba